Rabin Babi: Tarken Yadda Ake Karantar da Mas'alar Bashi a Wa'azinmu

Duk wanda ya daɗe yana sauraron wa'azi a masallatanmu, ko tafsirin azumi a gidajen rediyo, zai iya faɗin nassoshin da malami zai kawo tun kafin ya buɗe baki, in dai batun bashi ne. Za a kawo hadisin da ya bayyana cewa ana gafarta wa shahidi komai ban da bashi, da wanda ya nuna ran mumini na rataye har sai an biya masa. Za a ba da labarin gawar da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙi yi wa salla saboda 'yan dinaren da ake bin mamacin. Sai a rufe da hadisin Abu Huraira da ke cikin Bukhari da Muslim, wanda ya kira taurin bashin mawadaci zalunci. Babu wanda za a yi watsi da shi a cikinsu, kuma al'ummar da ake cin bashi a cikinta da niyyar ƙin biya tana bukatar jin su. Abin da wannan maƙala ke suka shi ne zaɓen da ake yi: an ɗebo babin bashi daga littattafan tsoratarwa, an bar rabinsa da ke cikin littattafan alƙalanci, inda malaman fiƙihu suka tsara abin da ya halatta a yi wa wanda ake bi, da wanda ke da ikon yi, da lokacin da dole a ƙyale shi.

Gibin ya daɗe, amma shigowar manhajojin ba da rance cikin wayoyin mutane ce ta tona shi. Ma'aikaci ko ɗalibi ya karɓi naira dubu ashirin na mako biyu, wa'adi ya wuce da 'yan kwanaki, sai saƙo ya isa ga surukinsa da shugabansa na wurin aiki da limamin unguwarsu, ɗauke da hotonsa, ana kiransa ɓarawo. Jaridu sun ba da labarin waɗanda aka haɗa wa sanarwar mutuwa alhali suna raye. Kamfanin da ya aikata haka ya san ya keta doka. Wanda aka yi wa ne bai sani ba, kuma da yawansu sukan ɗauka abin da ya same su sakamakon laifinsu ne, tunda a iya abin da suka ji a masallaci, wanda ake bi ba shi da bakin magana. In an je wurin malami neman fatawa, amsar da aka fi samu ita ce a je a biya, a tuba daga mu'amala da riba. Amsa ce ta gaskiya, amma ta tsallake tambayar da aka zo da ita: shin abin da aka yi mini ya halatta?

Abin da aka datse

Mu fara da labarin gawar, domin shi ya fi nuna yadda ake datse nassi. Ruwayar Salama ɗan Akwa'u da ke cikin Bukhari ta tsaya a inda Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin bashin, sannan aka yi sallar. Amma Bukhari da Muslim duka sun kawo ruwayar Abu Huraira da ta faɗi abin da ya biyo baya: da Allah Ya buɗa wa Musulmi, dukiya ta samu, sai Manzon Allah ya shelanta cewa muminin da ya mutu da bashi shi Annabi ne zai biya masa, dukiyar da ya bari kuwa ta magadansa ce. Ibnu Hajar ya naƙalto daga Ibnu Baɗɗal cewa wannan ya shafe hukuncin farko, kuma nauyin na kan duk wanda ke riƙe da al'amarin Musulmi. Wato ƙarshen labarin magana ce da masu mulki da masu kula da baitulmali. Mai wa'azin da ya tsaya a farkonsa ya sauke musu nauyi, ya bar marayun mamaci da tsoro. Haka nan kason masu bashi a aya ta 60 ta Suratut Tauba, wanda a mazhabar Malik ake biya wa mutum daga cikinsa ko da ya rasu, matuƙar ba wajen ɓarna ya ci bashin ba. A watan azumi mukan ji attajiri ya biya wa fursunoni bashi an sake su, a yi ta yabo, a manta cewa kaso ne da Alƙur'ani ya yanka musu tun kafin su kai gidan yari.

Ayar bashi kanta, ta 282 a Baƙara, an fi karanta ta a matsayin kariya ga mai ba da rance: a rubuta, a kafa shaidu, kada a ci masa kuɗi. Sai dai ayar ta ɗora shiftar abin da za a rubuta a kan wanda haƙƙin ke wuyansa, wato mai karɓa, in kuwa mai rauni ne ko ba zai iya ba, waliyyinsa ya yi da adalci. Masu tafsiri sun ce hikimar ita ce rubutun ya zama iƙirarinsa da bakinsa. A gwada wannan da yarjejeniyar da kamfani ya rubuta shi kaɗai cikin Turancin lauyoyi, wadda mai karɓa ke danna mata alamar amincewa yana tsaye a bakin asibiti. Ban ce irin wannan yarjejeniya ɓatacciya ce kai tsaye ba. Na ce ne ayar da muke wucewa ta kanta kowace shekara a tafsiri ta damu da muryar wanda ake bi tun ranar ƙulla mu'amala, mu kuwa ba ma jin haka a cikinta.

Sharaɗin da ke cikin kalma guda

Hadisin taurin bashi mawadaci ya ambata. Ɗan'uwansa da Abu Dawuda da Nasa'i da Ibnu Maja suka ruwaito daga Sharidu ɗan Suwaidu, wanda ya halatta mutuncin mai taurin bashi da hukunta shi, shi ma wanda yake da abin biya ya ambata. A wannan kalma guda fiƙihun babin ya rataya. Wanda ba shi da shi yana ƙarƙashin aya ta 280 ta Baƙara, wadda ta wajabta yi masa jinkiri zuwa samun sauƙi, sannan ta kwaɗaitar da yafe masa. A wa'azi akan gauraya biyun, a nuna jinkirin ma falala ce da mai bin bashi zai yi in ya ga dama. Yafewa ce falala. Jinkiri wajibi ne, kuma wanda ya matsa wa mutumin da rashinsa ya tabbata, shi ne mai saɓo a wannan mu'amala. Muslim ya ruwaito daga Abu Sa'id labarin sahabin da ya yi asara a cinikin 'ya'yan itace har bashi ya yi masa katutu: aka tara masa sadaka ba ta isa ba, sai aka umarci masu binsa su karɓi abin da ya samu, aka kuma shaida musu ba su da wani abu bayansa.

To, ko shi mawadacin, me aka halatta daga mutuncinsa? Bukhari ya kawo fassarar Sufyan: mai haƙƙi ya faɗa masa cewa ya ja masa rai, hukuncin kuwa tsarewa ce. Ibnul Mubarak ya ce a kausasa masa magana. Duk wannan faɗin gaskiya ne a kan abu guda, wato taurin bashin. Kiransa ɓarawo ƙarya ce, domin miƙa masa kuɗin aka yi, kuma zagi irin wannan alƙali na ladabtarwa a kansa. Wasu kan kafa hujja da labarin mutumin da ya kausasa wa Annabi a kan raƙumin da yake binsa, sahabbai suka yunƙura, ya hana su saboda mai haƙƙi na da ta cewa. Amma mutumin nan fuska da fuska ya yi maganarsa. Bai bi gidajen Madina yana tallar sunan wanda yake bi ba.

Wa ke tantance mawadaci daga marashi? Amsar littattafanmu ɗaya ce: alƙali. Ibnu Asim, wanda ya rasu a 829 Hijira, ya ware fasali a kan hukuncin wanda ake bi a cikin Tuhfa, littafin da duk alƙalin kotun shari'a a Arewa ya sani. Abin da ke ciki, da abin da ke Mukhtasar na Khalil, shi ne mutanen sun kasu. Akwai wanda wadatarsa ta bayyana. Wannan a tilasta masa, in ya nemi ɗan lokaci don sayar da kaya a ba shi da mai tsaya masa. Akwai wanda rashinsa ya tabbata da shaidu da rantsuwa. Wannan babu tsarewa a kansa, kamar yadda ɗalibin Risala ya riga ya sani. Sai wanda ba a san halinsa ba. Ibnu Rushd kaka, a cikin Muƙaddimat, ya nuna cewa tsare irin wannan mutum jarrabawa ce don a gano ko yana ɓoye dukiya. Shi ya sa take faɗuwa idan ya kawo wanda zai lamunci halartarsa, shi ya sa kuma take da iyaka: an ruwaito daga Ibnul Majishun rabin wata a kan 'yan dirhamai, wata biyu a matsakaici, wata huɗu a dukiya mai yawa. Idan lokacin ya wuce ba a gano komai ba, a rantsar da shi a sake shi. Mutumin da ya shekara a gidan yari a kan bashin da kowa ya san ba shi da abin biyansa, babu layi ɗaya a Mukhtasar da za a jingina zamansa a kai.

Bayanin Khalil a babin taflisi, wato hana wanda bashi ya cinye dukiyarsa taɓa ta, ya cancanci a karanta shi a hankali. A gabansa ake sayar da kayansa, da zaɓin kwana uku ko a sami mai ƙari. Ba a gaggauta sayar da gida da gona, ana jira kamar wata biyu don kada a karyar da su. Ana bar masa abincinsa da na waɗanda ciyarwarsu ke wuyansa zuwa lokacin da ake zaton zai samu, da tufafin da suka saba sawa. Ba a tilasta masa ƙodago don biyan masu binsa, ba a kuma tilasta masa ya ciwo wani bashin ya biya wannan, wanda shi ne ainihin abin da ake tura mutane yi a yau, har mutum ya wayi gari manhaja biyar na binsa a kan abin da ya faro daga ɗaya. Ba zan ɓoye cewa mazhabar tana da tsanani a wasu wurare ba. Tana sayar da gidan da mutum ke ciki, inda Hanbalawa suka bar masa shi. Tana sayar da littattafan malami. A kan kayan sana'a ma Khalil ya nuna akwai kai-komo tsakanin malamai na baya. Wanda ke son ya ce fiƙihu na bayan wanda ake bi a komai zai sha kunya a nan. Amma duk tsananin, a hannun alƙali yake, ba a hannun mai bin bashi ba.

Akwai kuma mas'alar lizimta, wato mai bin bashi ya riƙa bin mutum duk inda ya sa ƙafa. Abu Hanifa ya yarda da ita ko bayan alƙali ya sake shi. Malik da Shafi'i da Ahmad, har da manyan almajiran Abu Hanifa biyu, sun hana ta da zarar rashi ya tabbata. Kiran waya sau talatin a yini lizimta ce da ta fi ta da muni, domin ko a wurin Hanafawa mai lizimta a ƙofar gida yake tsayawa.

Daga littafi zuwa waya da caji ofis

Mutanen da ake aika wa saƙo fa? Wasu kamfanonin kan rubuta musu cewa wane ya sa sunanka a matsayin mai tsaya masa. Lamuni a fiƙihu ɗaukar nauyi ne da mutum ke yi da kansa. Babu mai mayar da wani mai lamuni ta hanyar ambaton sunansa, balle don lambarsa na cikin waya. Ko wanda ya yi lamunin da gaske, ra'ayin da Malik ya koma gare shi shi ne ba a nemansa matuƙar wanda ake bi yana nan kuma yana da hali. Mata ba ta ɗaukar bashin miji, ɗa ba ya ɗaukar na uba, na mamaci kuma daga abin da ya bari ake biya. Abin da magada suka ƙara daga aljihunsu kyautatawa ce.

A wannan gaɓa dokar ƙasa ta zo daidai da fiƙihu, kuma rashin saninta ba tsantseni ba ne. Sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa, har da na wayarsa da saƙonninsa. A Agustan 2021 hukumar NITDA ta ci wani kamfanin rance tarar naira miliyan 10 a kan aika saƙonni ga mutanen da ke cikin wayoyin waɗanda yake bi. A 2022 hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu sayayya ta kai samame ofisoshin wasu kamfanonin a Legas, ta kuma wajabta musu rajista. A 2023 kamfanin Google ya hana irin waɗannan manhajoji shiga jerin lambobi da hotunan da ke cikin waya, a Yunin shekarar kuma aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a. Wanda aka tozarta yana da inda zai kai kuka, in dai haushi ko kunya ba su sa ya goge saƙonnin ba.

Sai maganar adadi. Aya ta 279 ta Baƙara ta tsayar da haƙƙin mai ba da rance a kan uwar kuɗinsa. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1990, ta yanke cewa ba ya halatta a ɗora ƙari a kan wanda ya yi jinkirin biya, ko an sharɗanta ko ba a sharɗanta ba. Saboda haka tarar jinkirin da ke hauhawa kowace rana ba bashi ba ce tsakaninsa da Allah, kuma in ya mutu ba ita za ta rataye ransa ba. Gaskiya ne kotun majistare na iya tilasta masa biyan ruwan da ya sa wa hannu, gaskiya ne kuma ya yi laifi da ya sa hannun. Amma malamin da ya ce masa kawai ya je ya biya abin da suke binsa, ba tare da ya raba masa uwa da ruwa ba, ya zama ɗan aiken mai cin riba bai sani ba.

Tsohuwar hanyar da ta fi manhaja yaɗuwa a kasuwanninmu ita ce kai mutum caji ofis. Doka a nan ba ta da harshen damo. Sashe na 8(2) na dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, da sashe na 32(2) na dokar 'yan sanda ta 2020, sun hana kama mutum a kan saɓa yarjejeniya kawai ko rikicin da ba na laifi ba. Sashe na 7 na ta farko da na 36 na ta biyu sun hana kama wani a madadin wanda ake nema, al'adar da ta sa mata da tsofaffi da yawa suka kwana a bayan kanta. Kotun Ƙoli da Kotun Ɗaukaka Ƙara sun sha nanata cewa 'yan sanda da EFCC ba hukumomin karɓar bashi ba ne, sashe na 35 na tsarin mulki kuma ya ba wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba haƙƙin diyya.

Yadda ake kauce wa wannan sananne ne: sai a sauya wa bashin suna, a rubuta ƙorafi da cin amana da zamba cikin aminci. A nan ɗalibin fiƙihu ya fi kowa abin cewa. Rance yana fitar da kuɗi daga mallakar mai bayarwa zuwa mallakar mai karɓa, abin da ya rage a wuyansa kwatankwacinsu ne. Ajiya ita ce amana, haka ma jarin ƙiradi a hannun mai juyawa, kuma ko shi in ya ce an yi asara maganarsa ake karɓa sai an kafa hujjar sakaci ko ƙarya. Mutum ba ya cin amanar abin da ya zama nasa. Wanda ya karɓi kuɗi da yaudara tun farko, ko ya ba da cekin da ya san babu komai a asusunsa, abin da wata doka ta 1977 ta mayar laifi, nasa babin daban ne. Amma ɗan kasuwar da ya rubuta cin amana alhali ya san rance ya bayar, don kawai a firgita abokin cinikinsa da kwana biyu a tsare, ya yi ƙarya a gaban hukuma. Da wuya a ji huɗuba a kan wannan, alhali da yawan masu yinsa suna sahun gaba.

Idan sammaci ya zo

Tarbiyyar da ta koya wa mutum cewa ba shi da ta cewa ita ce ke sa shi gudu idan sammaci ya zo. Wasu kan ƙi karɓa, wasu su karɓa su ɓoye wa iyali, suna ganin zuwa kotu tonon asiri ne. Babu kuskuren da ya kai wannan tsada, domin duk haƙƙoƙin da muka ambata a gaban alƙali ake karɓar su. A can ne hujja ke kan mai da'awa, rantsuwa a kan wanda ya musa, kamar yadda yara ke haddacewa a hadisi na 33 na Arba'una. A can zai ce a kawo takarda, a lissafa abin da ya riga ya biya, a cire abin da aka ƙara. Alƙali ba zai yanke hukunci ba sai ya yi masa i'izari, ya tambaye shi ko akwai sauran hujja, kuma kotunan ɗaukaka ƙara sun sha rushe hukunci saboda rashin wannan kaɗai. In bashin ya tabbata, a can zai bayyana halinsa ya nemi a raba masa biya kashi-kashi. Kotunan ƙananan da'awoyi da aka buɗe a Legas a 2018 da Kano a 2019, don bashin da bai wuce naira miliyan 5 ba a lokacin, an tsara su yadda mutum zai tsaya wa kansa ba sai da lauya ba, a kuma gama da wuri. Wanda bai je ba zai tarar an gama kafin ya farga.

Amurka ta riga mu ganin inda gudun sammaci ke kaiwa. Tun 1977 suke da dokar tarayya da ta tsara aikin masu karɓar bashi a madadin wasu: ba kira kafin ƙarfe 8 na safe ko bayan 9 na dare, ba faɗa wa maƙwabci ko abokin aiki labarin bashin, kuma wanda ake bi yana da kwana 30 ya rubuta cewa bai yarda ba, sai a dakata har a kawo tabbaci. Duk da haka binciken da cibiyar Pew ta fitar a 2020 ya nuna fiye da kashi 70 cikin 100 na ƙararrakin bashi, a wuraren da aka samu ƙididdiga, suna ƙarewa da hukunci a bayan idon wanda ake ƙara, saboda bai amsa ba. Da yawan masu shigar da ƙarar kamfanoni ne da ke sayen tsofaffin basussuka a dunƙule da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Malamanmu sun hango wannan ciniki. Malikawa sun halatta sayar da bashi ga wani na uku da sharuɗɗa masu tsauri: wanda ake bi ya kasance yana garin, ya yi iƙirari da bashin, a biya farashin nan take, kada a faɗa cikin riba, kada mai saye ya zama maƙiyinsa. Khalil ya bayyana cewa wanda ya biya wa wani bashi ko ya saye shi don ya ƙuntata masa, ana mayar da cinikin. Sharaɗin iƙirari kaɗai ya isa ya rufe kasuwar bashin da ake jayayya a kansa, na riba kuwa ya hana sayen bashin naira dubu ɗari da naira dubu biyar. Hukunci a kan wanda ba ya nan ma an ɗaure shi da rantsuwar da mai ƙara zai yi bayan shaidunsa, cewa bai karɓa ba, bai yafe ba, sannan a ajiye wa matafiyi hujjarsa har ya dawo. Sai dai kada mai karatu ya ruɗu: rangwamen na wanda ya yi nisa ne. Wanda ke cikin gari ya ƙi amsa kiran alƙali, littattafan ba su tausaya masa ba.

Inda masu wayar da kai suka zarce

A 'yan shekarun nan wani salon ya bayyana a kafafen sada zumunta da shirye-shiryen rediyo, na matasan lauyoyi da masu fafutuka da ke koya wa mutane haƙƙinsu. Sun toshe gibin da malamai suka bari, sun kuma ceci mutane daga kwanan caji ofis. Sukar da nake yi musu kishiyar wadda na yi wa masu wa'azi ce. Wani ɓangaren abin da suke faɗa ya tsaya a kan me za a iya tilasta maka, ya bar me ke wuyanka. Misali mafi bayyana shi ne wa'adin shigar da ƙara. A Legas da wasu jihohi, bashin yau da kullum da ya shekara 6 ba a kai shi kotu ba, kotu ba za ta saurare shi ba, kuma biyan wani ɓangare ko amsa bashin a rubuce na sabunta lissafin. Daga nan sai shawara ta zama: kada ka amsa, kada ka biya ko sisi, ka yi shiru har lokaci ya cika.

Fiƙihu ya san hana sauraron da'awa saboda tsawon lokaci. Majallar Daular Usmaniyya ta Turkiyya ta sa shekara 15 a sashe na 1660, amma a sashe na 1674 ta bayyana cewa haƙƙin kansa ba ya faɗuwa, kuma in wanda ake ƙara ya yi iƙirari a gaban alƙali sai a hukunta masa biya komai daɗewa. Wannan shi ne bambancin da malamai ke yi tsakanin abin da alƙali zai zartar da abin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa, kuma asalinsa hadisin Ummu Salama ne a Bukhari da Muslim, wanda ya gargaɗi mai cin shari'a da iya baki cewa yankin wuta aka yanka masa. A nan ne nassoshin masu wa'azi suke da cikakken muhallinsu.

Ɗalibin da zai zauna ba da fatawa gobe yana bukatar ya iya jan wannan iyaka a kan mas'ala ɗaya-ɗaya. Wanda bai san kamfanin da ke kiransa ba, ko yake shakkar adadin, yana da damar ya ƙi amsa komai har a kawo masa hujja, domin biyan wanda ba shi ne mai haƙƙi ba ba ya sauke nauyi. Wanda ya san an haɗa masa da ruwa zai amsa uwa ya yi jayayya a kan ƙari. Khalil ya kawo wadda ta fi waɗannan laushi: mutum ya riga ya biya rance amma ba shi da shaida, in ya amsa cewa ya karɓa nauyin tabbatar da biya zai dawo kansa. An ba shi damar ya rantse ba a ranta masa ba, yana nufin rancen da mayar da shi ke wuyansa yanzu. Wannan na wanda ya biya ne. Mai kuɗin da ya laɓe a bayan shekara 6 ba ya ciki. Don kada a kai ga irin wannan rantsuwa, Khalil ya ambata a ƙarshen babin taflisi cewa wanda ya biya ana hukunta masa karɓar takardar bashin ko a yayyage ta. Takwarar wannan a yau ita ce rubutacciyar shaidar cewa an gama biya, da gyara sunansa a hukumomin tattara bayanan masu cin bashi, wanda dokar 2017 da ta tsara aikinsu ta ba shi damar nema idan abin da suka rubuta a kansa ba daidai ba ne.